Stephen Gray: Marinin da ya gano hanyar da lantarki ke bi

Manyan layukan da ke ɗauke da wuta daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ba sa taɓa ƙarfen turakunsu. Rataye suke a jikin faya-fayen gilashi ko tangaran. Mai gyaran tocila a kasuwar Warra ma ya san amfanin robar da ke jikin waya. Wanda ya fara bambance abin da lantarki ke bi da abin da ke tare shi wani marini ne, Stephen Gray.

An haife shi a Canterbury da ke Ingila a 1666, ya gaji rini a wajen mahaifinsa, bai kuma yi jami'a ba. Da kansa ya koyi nazarin taurari. A 1720 talauci ya kai shi Charterhouse, gidan kula da tsofaffi a Landan, kuma a can ne ya yi aikin da ake tunawa da shi.

A 1729 yana goga bututun gilashi, sai ya lura abin da ya toshe bakinsa da shi yana jawo gashin tsuntsu. Ashe lantarki yana tafiya. Shi da abokinsa Granville Wheler suka miƙa doguwar igiya a kan zaren siliki, lantarkin ya bi ta fiye da ƙafa 700. Sun ɗauka sirantakar zaren ce ta hana shi zurarewa. Da silikin ya tsinke saboda nauyi, suka sa siririyar wayar tagulla, nan take gwajin ya ƙi. Tagullar ta janye lantarkin zuwa ƙasa, siliki kuwa tare shi yake yi.

Ita igiyar, ɗan danshin da ke jikinta ne ya ba lantarki hanya. Wannan ya shafi mutanen bakin ruwa kai tsaye: jiƙaƙƙiyar gora ko igiyar taru da ta taɓa layin wuta tana iya kisa.

A 1730 ya rataye wani yaro ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ya nuna jikin mutum ma lantarki na bin sa. Gwajin ya fi kama da wasan kallo, amma shi ya fi yaɗa sunansa.

Shi ne na farko da ƙungiyar masana ta Royal Society ta ba lambar Copley a 1731, ya sake samu a 1732. Ya rasu a Landan a 1736, fiye da shekara 60 kafin a ƙirƙiro batir.