Labarin Bernard Herrmann, Makaɗin Da Ya Sa Goge Kururuwa

Duk wanda ya yi zamani da gidajen silima na Sabon Garin Zariya, sa'ad da malaman makaranta da akawuna kan gangaro daga Samaru a kan kekuna bayan lisha, ya san wani abu guda. In ana nuna fim mai ban tsoro, ba fitowar mugu ce ke fara kaɗa hantar mutum ba. Tun ba a ga kowa a bango ba sai a ji wani kiɗa ya taso sannu-sannu, 'yan kallo su yi tsit, mai ɓare gyaɗa ya dakata. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama mun san yadda kalangu ke tsuma ɗan dambe, da yadda gangar noma ke sa gajiyayye ya sake sunkuyawa. Amma fa mukan fito muna ta zancen jarumin fim, ba mai tambayar wa ya tsara kiɗan. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani gwanin wannan sana'a.

An haifi Bernard Herrmann a birnin New York na ƙasar Amurka ran 29 ga Yuni, 1911. Iyayensa Yahudawa ne, asalinsu daga ƙasar Rasha ta wancan zamani. Ubansa mai auna idanu ne yana yi wa mutane tabarau, shi ne kuwa ya sa shi koyon goge irin na Turawa tun yana yaro. Ya yi karatun kiɗa a Jami'ar New York da makarantar Juilliard. A can kiɗa ilimi ne da ake rubutawa a takarda, kowane makaɗi da nasa layin, ga kuma madugu a tsaye da 'yar sanda yana bi da su. Wannan maduguntaka ita ce babban gurin Herrmann. Yana ɗan shekara 20 ya tara ƙungiyar makaɗa tasa ta kansa, cikin 1934 kuma gidan rediyon CBS ya ɗauke shi aiki.

Rediyo ita ce makarantarsa ta gaskiya. Wasan kwaikwayon rediyo ba shi da hoto, don haka kiɗa ne zai gaya wa mai sauraro dare ya yi, ko an buɗe ƙofa, ko zuciyar wane ta ɓaci, kuma dole a faɗa cikin ƙiftawar ido. Nan ya koyi aiki da gajeren kiɗa, sauti uku ko huɗu da ake ta maimaitawa har su zauna a ƙirjin mutum. Nan kuma ya gamu da Orson Welles. Ran 30 ga Oktoba, 1938, shi ne madugun makaɗa sa'ad da Welles ya watsa wasan The War of the Worlds, wanda aka shirya kamar labarin gaske, wai waɗansu halittu daga duniyar Mars sun sauko Amurka da yaƙi. Waɗansu masu sauraro sun firgita, ko da yake masu bincike sun nuna daga baya jaridu sun ƙara wa labarin gishiri. Da Welles ya koma yin fim sai ya tafi da shi, suka yi Citizen Kane cikin 1941. Wani fim da ya yi wa kiɗa a wannan shekara, The Devil and Daniel Webster, shi ya kawo masa kyautar Oscar, ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe.

Al'adar yawancin masu tsara kiɗan fim a Hollywood ita ce su rubuta gundarin kiɗan, su miƙa wa wani ya rarraba wa makaɗa. Herrmann bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Shi ke zaɓen kayan kiɗansa da kansa, kowane fim da irin nasa. Cikin 1951, a fim ɗin The Day the Earth Stood Still, ya yi amfani da theremin guda biyu, watau wata na'ura ta lantarki wadda ba a taɓa ta, hannu kawai ake kaɗawa kusa da ita ta yi kuka kamar iska a kango. Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya za su so jin cewa shi ya yi kiɗan The 7th Voyage of Sinbad cikin 1958, inda jarumi ya yi faɗa da ƙwarangwal, Herrmann kuwa ya sa aka buga kayan kiɗa na itace har ka ce ƙasusuwan ne ke karo da juna.

Amma aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne wanda ya yi da Alfred Hitchcock, Baturen Ingila mai shirya finafinai masu ɗaga hankali. Sun fara cikin 1955, suka yi Vertigo a 1958, da North by Northwest a 1959, sa'an nan Psycho a 1960. A kan wannan na ƙarshe za mu ɗan tsaya.

Psycho fim ne na baƙi da fari, an yi shi da kuɗi kaɗan. Herrmann ya sallami masu busa da masu ganga duka, ya bar masu goge kaɗai, manya da ƙanana, da nufin kiɗan ya zama ba launi kamar yadda hoton ba shi da launi. Abin mamaki ne wannan, domin a wurin Turawa goge kayan kiɗan soyayya ne da bege. Ya kuma sa aka maƙala wa jakin kowane goge wani ɗan abu mai danne murya, aka yi kusan dukan fim ɗin da muryar a shaƙe. To, akwai wurin da wata mace ke wanka a masauki, wani ya faɗo mata da wuƙa. Hitchcock ya ba da umurni kada a sa kiɗa a nan. Herrmann ya yi shiru, ya je ya rubuta abinsa. A wannan wuri kaɗai ya sa aka cire abin danne muryar, masu goge suka riƙa sarar tsarkiya da izga a can ƙololuwar sauti, ɗaya na bin ɗaya. Da Hitchcock ya ji sai ya janye umurninsa, har ya ƙara masa lada. Mun taɓa gwada kallon wannan wuri da muryar a kashe, muka ga ashe kusan ba a nuna wuƙar tana shiga jiki ba. Kunne ne ke ganin saran.

Mutumin dai, sai mu faɗi gaskiya, ba shi da daɗin sha'ani. Mai saurin fushi ne, mai kaifin harshe, yakan tsawata wa makaɗa a gaban jama'a, ya ɓata da abokai da yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sau uku ya yi aure. Wani abin tausayi kuma, shi kansa bai ɗauki kiɗan fim a bakin babban aikinsa ba. Ya yi shekara 8, daga 1943 zuwa 1951, yana rubuta wani dogon wasa na waƙa da kiɗa mai suna Wuthering Heights, har ya mutu ba a nuna shi a dandali ba, sai cikin 1982.

Rabuwarsa da Hitchcock ta zo cikin 1966, a kan fim ɗin Torn Curtain. Zamani ya juya, kamfanonin fim suna son kiɗa irin na samari wanda za a buga a faifai a sayar. Hitchcock ya nemi haka, Herrmann ya amsa, sa'an nan ya tara masu sarewa 12 da masu ƙaho 16 ya rubuta kiɗa mai nauyi irin wanda shi ya ga ya dace. Hitchcock ya zo wurin ɗauka, ya ji somin, ya tsai da aikin nan take, aka ba John Addison. Ba su sake aiki tare ba. Akawun da ya taɓa gyara wa shugabansa takarda ba da izini ba ya san wannan hali: abin da ya jawo yabo cikin 1960 shi ya jawo kora cikin 1966. A ganinmu Herrmann yana da laifi, gama wanda ya amsa sharaɗi ya kamata ya cika ko ya faɗa tun farko ba zai iya ba. Duk da haka, da Elmer Bernstein ya ɗauki wannan ƙin karɓaɓɓen kiɗa a faifai cikin 1977, masu tara faya-fayan kiɗan fim sun yi ta nemansa.

Daga nan ya koma London da zama. Ya yi wa François Truffaut, Bafaranshe, kiɗan finafinai biyu, ya kuma shiga ɗaukar tsofaffin ayyukansa a faifai. Wannan ya yi wa masu tarawa rana ƙwarai, domin sa'ad da Psycho ya fito ba a sayar da faifan kiɗansa ba, sai cikin 1975 Herrmann ya tsaya gaban makaɗa a London aka ɗauki cikakkensa. A waɗannan shekaru ne samarin masu shirya fim, waɗanda suka tashi da kallon aikinsa, suka nemo shi. Brian De Palma ya ba shi Sisters da Obsession, Martin Scorsese kuma ya ba shi Taxi Driver.

Ran 23 ga Disamba, 1975, ya gama ɗaukar kiɗan Taxi Driver a Los Angeles, ya koma masaukinsa ya kwanta. Washegari, 24 ga wata, aka tarar ya mutu cikin barci, yana da shekara 64. Scorsese ya sadaukar da fim ɗin gare shi. Cikin 1977 aka sa sunansa sau biyu cikin masu neman Oscar, saboda Obsession da Taxi Driver, amma kyautar ta tafi ga Jerry Goldsmith, wanda ya yi kiɗan The Omen, shi ma fim ne na ban tsoro.