Ibnul Haisam da Ɗaki Mai Duhu

An haifi Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam, Allah Ya ji ƙansa, a birnin Basra wajen shekara ta 354 ta Hijira, wato 965 Miladiyya. A can ya yi karatu har ya shahara a ilmin lissafi da handasa.

Masu tarihi, irin su Alƙifɗi, sun ruwaito cewa Halifa Alhakim bi Amrillahi na Masar ya sami labarin wani malami mai cewa zai iya sarrafa ambaliyar kogin Nilu, sai ya aika a zo da shi. Da malamin ya bi kogin har kudancin Aswan, ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, sai ya komo ya faɗa wa Halifa gaskiya, alhali kuwa Alhakim ba ya jinkirin zubar da jini. Don ya tsira da ransa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Halifan ya kau a 1021. Babbar madatsar Aswan kuwa sai a 1970 aka gama ta.

A wajen waɗannan shekaru ne ya wallafa Kitabul Manazir, mai kashi bakwai. Kafinsa, Uƙlidis da Baɗlaimus na Yunanawa sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam bai yarda girman sunansu ya zama hujja ba. Ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa mai shiga ɗaki mai duhu, sai ga hasken kowace fitila a bangon ciki, daidai saitinta. In ya rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa. Haske dai miƙe yake tafiya, ba ya cuɗanya a cikin kafar, kuma daga abin kallo yake zuwa ido.

Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, a kan wannan 'yar kafa masu auna gine-gine da filaye ta hanyar hoto suke gina lissafinsu. Suna ɗaukar kowace kyamara a matsayin ɗaki mai duhu, kowane ɗigo na hoto kuma ƙarshen wani miƙaƙƙen layi ne da ya ratso kafar. Layi biyu daga hotuna biyu, inda suka gamu nan abin yake, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Amma gilashin kyamara yana lanƙwasa haske, saboda haka kafin a amince da ita sai an daidaita ta. Akan ɗauki hoton wani allo mai gidaje baƙi da fari, wanda aka san awonsa, ta fuskoki da dama. Kwamfuta ta fitar da tazarar gilashin, da tsakiyar hoton, da yawan lanƙwasar. In an yi sakaci da wannan, miƙaƙƙen bango sai ya fito da doro.

Shi kuwa malamin, bayan an sake shi, ya zauna kusa da masallacin Azhar yana kwafar littattafan Uƙlidis da Baɗlaimus da hannunsa yana sayarwa don abinci, har ya rasu wajen 1040. An juya littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, Turawa suna kiransa Alhazen.