Wilhelm Röntgen: Masanin da ya haska ƙirjin ɗan'adam, ya kuma ƙi sayar da hasken

Duk wanda tari ya taɓa addabarsa har likita ya tura shi ya yo hoton ƙirji, ya ci gajiyar wani Bajamushe da aka kora daga makaranta yana saurayi. Sunansa Wilhelm Conrad Röntgen, kuma shi ne ya gano hasken nan na X da ya bai wa likitoci damar duba huhu ba tare da an tsaga jiki ba.

An haife shi ranar 27 ga Maris, 1845 a garin Lennep da ke Jamus, kuma shi kaɗai iyayensa suka haifa. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Yana ɗan shekara uku iyalin suka koma garin Apeldoorn na ƙasar Holan. A makarantar fasaha ta Utrecht aka ɗora masa laifin zanen barkwanci da wani ɗalibi ya yi don yi wa malami ba'a, aka sallame shi ba takardar shaida. A 1865 kwalejin fasaha ta Zurich ta karɓe shi duk da rashin takardar, inda ya karanta injiniyanci, kuma a 1869 ya sami digirin digirgir. Bayan ya koyar a Strasbourg da Giessen, ya zama farfesan fiziks a Jami'ar Würzburg a 1888.

A can ne, ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwajin ratsa lantarki ta cikin wani bututun gilashi da ya lulluɓe da baƙin kwali, ya ga wata takarda da aka shafa wa sinadari tana ƙyalli a cikin duhun ɗakin. Hasken da ido ke gani ba ya ratsa kwali, don haka wani abu ne daban. Ya shafe makonni yana bin diddiginsa shi kaɗai, ya sa masa suna X, harafin da masu lissafi ke bai wa abin da ba a sani ba. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, Anna Bertha. Ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito ɓaro-ɓaro. Kafin 1896 ta ƙare, likitoci irin su Francis Williams na birnin Boston sun fara duba ƙirjin masu tarin fuka da wannan haske.

Da ya so, da ya zama attajiri. Amma ya ƙi yin rajistar haƙƙin mallakar abin da ya gano, don haka duk mai kayan aiki ya sami damar ƙera na'urar ba tare da biyansa ko sisi ba. A 1901 ya zama mutum na farko da aka bai wa kyautar Nobel a fannin fiziks, ya kuma sadaukar da kuɗin ga Jami'ar Würzburg. Sai dai tarihinsa bai rasa tabo ba: a 1914 yana cikin masana 93 da suka sa hannu a kan sanarwar goyon bayan sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matarsa ta rasu a 1919, hauhawar farashin da ta biyo bayan yaƙin kuma ta cinye ɗan abin da ya tara. Ya mutu a Munich ranar 10 ga Fabrairu, 1923, sakamakon sankarar hanji.

Hoton da ya bar wa duniya yana da iyaka, kuma matasan da aka haifa da ƙwayar cutar HIV na cikin waɗanda iyakar ta fi cutarwa. Hanyoyin iska na huhu suna rassa kamar bishiya, har su kai ga ƙanana da faɗinsu bai wuce milimita biyu ba. Hoton ƙirji na yau da kullum inuwa ce guda, ba ya nuna su sosai. Da yawa daga cikin waɗannan yara sun girma ba a gano cutar ba sai a makare, bayan ciwon huhu ya yi ta kai musu farmaki. Suna fama da tari da haki, a yi ta ba su maganin tarin fuka ba sauƙi.

Sai da aka sami na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, kafin a ga abin da ke ɓoye. Ita ma da hasken Röntgen take aiki, amma tana ɗaukar huhu yanka-yanka. A binciken da Rashida Ferrand da abokan aikinta suka wallafa a 2012 kan irin waɗannan matasa a Harare, babban birnin Zimbabuwe, hotunan sun nuna alamun toshewar ƙananan hanyoyin iska. Tabo ne ke ƙuntata su, iska ta shiga ta kasa fita, sai a ga wasu sassan huhun sun fi wasu duhu. Irin wannan tabo ba ya gogewa, shi ya sa gwada jarirai da fara ba su magani da wuri ya fi komai muhimmanci.

Mafi yawan yaran da ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta a Afirka kudu da Sahara suke, inda na'urar CT ta taƙaita ga manyan asibitocin birane, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka. Röntgen ya bayar da haskensa kyauta fiye da ƙarni guda da ya wuce. Ko hasken zai isa ƙirjin ɗan talaka, wannan magana ce ta kasafin kuɗin lafiya, kuma masu zaɓe ne ya kamata su riƙa tambayar shugabanninsu.