Selman Waksman: Masanin da ya zaƙulo maganin tarin fuka daga cikin ƙasa

Duk manomin da ke yankin Jibia, kan iyakar Katsina da Nijar, ya san ƙamshin da ƙasa ke yi a ranar da ruwan farko ya sauka. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira aktinomaisit, ke fitar da wannan ƙamshi. Kuma a kan nazarin su ne Selman Waksman ya ƙarar da rayuwarsa.

An haifi Waksman ranar 22 ga watan Yulin 1888 a ƙauyen Nova Pryluka, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuma yana cikin Yukiren. Iyayensa Yahudawa ne. Yana yaro cutar mashaƙo ta kashe ƙanwarsa. Da yake hukumomin Rasha sun taƙaita wa Yahudawa shiga jami'a, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910.

Ya karanta ilimin aikin gona a kwalejin Rutgers da ke jihar New Jersey, inda ya kammala a 1915 a hannun malaminsa Jacob Lipman. A 1918 ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya, sannan ya koma Rutgers, inda ya yi aiki har ya yi ritaya.

Yadda kara ke komawa ƙasa

Tambayar da ta fara ɗauke masa hankali ita ce: me ke faruwa da ganye da kara da saiwa bayan sun faɗi ƙasa? Shi da ɗalibansa sun riƙa rarraba sassan tsiro suna auna yadda kowane ke ruɓewa. Sun ga cewa sukari da sitaci ne ke fara ƙarewa, sai selulos, wato zaren jikin tsiro, yayin da lignin, sinadarin da ke ƙarfafa itace, kan daɗe bai narke ba.

Ƙwayoyin halittar ƙasa ba su da baki. Sukan fitar da wasu sinadaran narkarwa da ake kira enzayim, su sassare abincin daga waje, kana su tsotse shi. A 1926 Waksman ya fitar da littafi kan waɗannan sinadarai, a 1927 wani babban kundi kan ƙwayoyin halittar ƙasa, sai kuma a 1936 littafinsa kan baƙar ƙasa mai albarka da ruɓa ke bari.

Binciken da ya buga a 1931 ya nuna yadda zafi da danshi ke sauya saurin ruɓa. Wannan ya dace da abin da ake gani a yankin Sahel: da rani aikin ƙwayoyin kan ragu ƙwarai saboda bushewa, da damina kuma zafi da laima kan sa su cinye taki cikin hanzari. Shi ya sa jigawa ba ta riƙe albarka, har sai an ci gaba da zuba mata takin gida, ko a bar shanu su kwana a gona.

Daga gona zuwa asibiti

Waksman ya lura cewa wasu ƙwayoyin kan hana maƙwabtansu tsiro ta hanyar fitar da guba. Bayan da tsohon ɗalibinsa René Dubos ya samo irin wannan sinadari a 1939, sai ya juya ga neman magani a cikin ƙasa. A 1940 ɗakin bincikensa ya samo aktinomaisin, amma ya yi wa jiki ƙarfi.

A watan Oktoban 1943 ɗalibinsa Albert Schatz ya ware sinadarin sitreptomaisin. Likitoci biyu na asibitin Mayo, William Feldman da Corwin Hinshaw, suka gwada shi, ya zama maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka, cutar da penisilin ta gaza. Ba da jimawa ba aka ga cewa ƙwayar cutar kan bijire masa idan shi kaɗai aka bayar, abin da ya sa har yau ake haɗa magunguna da dama wajen jinyar tarin fuka.

Taƙaddama da lambar yabo

Nasarar ta zo da rigima. A 1950 Schatz ya kai malaminsa kotu, yana neman a amince da rawar da ya taka, a kuma ba shi kaso daga kuɗin maganin. An sasanta a wajen kotu, aka amince cewa tare suka gano shi, aka ware masa kashi 3 cikin 100. Duk da haka, Waksman shi kaɗai aka bai wa lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1952. Sai a 1994 Jami'ar Rutgers ta karrama Schatz da lambarta.

Da wani ɓangare na kuɗin maganin aka gina cibiyar nazarin ƙananan halittu a Rutgers, wadda aka buɗe a 1954, daga baya aka sa mata sunansa.

Waksman ya mutu ranar 16 ga watan Agustan 1973 a jihar Massachusetts, yana da shekara 85. Masana na wannan zamani sun gyara wani ɓangare na bayaninsa kan yadda baƙar ƙasa ke samuwa, amma tambayar da ya fara da ita ta ƙara nauyi: idan duniya ta ƙara ɗumama, ruɓa za ta iya ƙara sauri, ƙasa ta saki ƙarin iskar kabon zuwa sararin samaniya, gonaki kuma su rasa albarkar da suka tara.