Guilherme Pinto Basto: Uban wasan tanis a Fotugal

An haifi Guilherme Pinto Basto a birnin Lisbon a shekarar 1864, a gidan wasu manyan attajirai na ƙasar Fotugal.

Kamar yadda masu hali na wancan zamani suka saba, iyayensa sun tura shi karatu Ingila, inda ya koyo wasanni biyu da babu mai yin su sosai a ƙasarsa: tanis da ƙwallon ƙafa.

Bayan dawowarsa, ya mayar da garin Cascais da ke bakin teku tamkar gidansa. A can ne sarakunan Fotugal ke zuwa hutu tun daga 1870, fadawa da masu kuɗi kuma suna biye da su.

A kulob ɗin wasanni na garin, wanda aka kafa a 1879, Pinto Basto ya yi fice a tanis. Ya lashe gasar ƙasa sau da dama, ya koya wa 'ya'yan manya wasan, sannan ya shirya gasar da ta riƙa jawo 'yan wasa daga ƙasashen waje. Shi kansa Sarki Carlos mai son wasan ne, abin da ya ƙara masa martaba.

Sai dai wannan gata ya zame wa tanis tarnaƙi. Wasa ne na shaƙatawa, ba na neman abinci ba, kuma talaka ba ya shiga kulob ɗin.

Ƙwallon ƙafa kuwa wata hanya ta bi. A watan Oktoban 1888, shi da 'yan uwansa da abokansu sun buga wasa a Cascais, wanda ake lissafawa a cikin na farko a ƙasar. A Janairun 1889 suka kara da Ingilawa mazauna Fotugal a Lisbon, suka ci biyu da ɗaya.

Shekara guda bayan nan, Birtaniya ta tilasta wa Fotugal janyewa daga yankunan da ke tsakanin Angola da Mozambique. Jama'a suka fusata da duk wani abu na Ingila, har ƙwallon ta ja baya na ɗan lokaci, kafin ta mamaye unguwannin talakawa.

An kashe Sarki Carlos a 1908, aka kuma kawar da sarautar a 1910. Tanis ya rasa babban majiɓincinsa, amma Pinto Basto bai saki ba. Da aka kafa hukumar tanis ta ƙasa a 1925, shi ne ya zama shugabanta na farko.

Ya rasu a 1957 yana da shekara 93.

Sai a 2013 ne wani ɗan Fotugal, João Sousa, ya fara cin kofi a jerin manyan gasannin ƙwararru na maza, a Kuala Lumpur. A 2018 ya ci wani a Estoril, wanda ke cikin gundumar Cascais.