Tobias Lowitz, Maraya Mai Khal Ɗin Ƙanƙara

An haifi Tobias Lowitz a garin Gottingen na ƙasar Jamus cikin shekarar 1757. Mahaifinsa masanin taurari ne, ya kuwa ɗauke shi tun yana yaro zuwa Rasha inda ya sami aiki. A 1774 suna bakin aikin awo a yankin kogin Volga, sai 'yan tawayen Pugachev suka kama uban suka kashe shi. Yaron ya tsira da ransa, ya tashi maraya.

Daga baya ya kama aiki a ɗakin haɗa magunguna na fadar sarauta a St. Petersburg. A can ne cikin 1785 ya gano cewa garin gawayi yana tsotse dauɗa da launi daga ruwa, dabarar da har yau ake tace ruwan sha da ita.

Wani abin kuma da ya ɗaukaka sunansa shi ne aikinsa a kan khal, watau binega. Shi khal na girki galibinsa ruwa ne, asid ɗin da ke ba shi tsami bai wuce kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari ba. A 1789 Lowitz ya sami hanyar raba asid ɗin da ruwa ta wajen sanyaya shi. Tsantsarsa kuwa yakan daskare da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 17, ya zama kamar ƙanƙara. Don haka ya raɗa masa suna khal mai ƙanƙara, sunan da Jamusawa da Ingilishi ke kiransa da shi har yanzu.

A yau masana'antu suna amfani da wannan asid wajen yin fenti, da gam, da zaren tufafi, da ƙwayar asfirin. A asibitoci kuma akan tsarma shi ƙwarai a duba alamun ciwon dajin bakin mahaifa. Sai dai tsantsarsa ba abin wasa ba ne: yana ƙona fata, tururinsa yana cutar da ido da huhu, yana kuma kama wuta. Wanda ya sha shi bisa zaton khal ne na girki yana iya rasa ransa.

An zaɓi Lowitz cikin majalisar masana kimiyya ta Rasha, ya kuma rasu a St. Petersburg a 1804 yana da shekara 47.