MUHAMMADU DURUGU: BABBAN GWANIN DA YA KWANTA A BIRNIN GWARI

Daga Wakilinmu

A cikin magina da aka yi a ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya kai nesa kamar Muhammadu Durugu, wanda wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu, jama'a kuwa suka fi saninsa da Babban Gwani. Ya yi zamaninsa ne a ƙarni na 19, lokacin da Daular Usmaniyya ta kafu, sarakuna suna bukatar masallatai da gidajen sarauta da za su dace da sabon mulki. A Zariya ya zauna da iyalinsa, har yau kuwa akwai unguwa a cikin birnin da ake kira da laƙabinsa.

Aikin da ya ɗaukaka shi shi ne Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kafin mai karatu ya gane girman wannan aiki, sai ya san matsalar da kowane magini ke fama da ita a wancan zamani. Ba siminti, ba ƙarfe. Abin da ke hannu shi ne tubali da azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. To, azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Saboda haka ɗakuna suka kasance ƙanana, ko kuwa a cika su da ginshiƙai.

Dabarar magina ita ce bakan gizo: a kafa azara cikin bango, a riƙa ɗora wata bisa wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa tana karkata, a ɗaure su tamau, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Babban Gwani ya tarar da wannan dabara, amma shi ya kai ta matuƙa. Ya tayar da bakuna daga manyan ginshiƙai, ya sa suka sarƙe da juna suka ɗauki tulluwa, har aka sami fili mai faɗi da tsawo inda sahu bayan sahu ke tsayawa. Ya ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi wanda hasken ƙananan tagogi ke fito da shi. Harabar ta haɗa da zaurukan shiga da wurin alwala da ɗakin shari'a.

Da sunansa ya bazu, sai sarakuna suka riƙa aikowa a ba su aronsa. A ƙasar Bauci ya yi aiki a zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, kuma a wajen 1860 ya gina wa Madakin Bauci soron da ke Kafin Madaki, wanda har yanzu ake kira Babban Gwani. A 1956 Gwamnati ta sa wannan gida cikin kayayyakin tarihi na ƙasa da doka ta hana a rushe.

Ƙarshen rayuwarsa a Birnin Gwari ya kasance, a tsohon garin da ke cikin dajin yammacin Jihar Kaduna ta yanzu. Labarin da aka gada daga bakin magina ya nuna cewa Sarkin garin na wancan lokaci ya kira shi ya gina masa masallaci irin na Zariya, da aka gama kuwa sai ya sa aka kashe shi don kada ya sake gina wa wani sarki kamarsa. Irin wannan labari yana bin manyan magina a ƙasashe da yawa. A Rasha ma ana faɗin cewa wani sarki ya makantar da wanda ya gina babbar majami'ar Mosko saboda dalili guda. Abin da labarin ke nunawa a fili shi ne darajar da mutanen da suka ba gwani, har suna ganin aikin hannunsa abin kishi ne tsakanin sarakuna.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Kowace shekara bayan damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe da makuba ko laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina. Idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya sami hanya ya kai ga azara, to rufin ya kama hanyar faɗuwa. Da siminti da kwano suka shigo, sai masu wannan sani suka ragu, 'ya'yansu suka koma wasu sana'o'i.

A cikin shekarun 1970 aka yi wa Masallacin Zariya babban gyara, aka kewaye tsohon ɗakin salla da sabon gini na siminti, wasu sassan harabar kuwa suka tafi. Sa'ar da aka yi ita ce wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya kafa a Jos aka gina kwatankwacinsa. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Ran Jumma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na rufin masallacin ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Wasu ƙasashe sun sha gaban irin wannan hasara. A Faransa akwai gidan da ake kira Villa Savoye kusa da Faris, wanda Le Corbusier ya gama a 1931, yana cikin gidajen farko na ginin zamani. Rufinsa ya yi ta yoyo, sojoji suka lalata shi a Yaƙin Duniya na Biyu, har aka yi niyyar rushe shi. Masana suka yi ca, Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi a 1965, aka bi zanen asali aka gyara shi, a 2016 kuma UNESCO ta karɓe shi cikin gadon duniya. Gidan nan kuwa Masallacin Zariya ya girme shi da kusan shekara casa'in.

Saboda haka ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Gwamnatin Jihar Kaduna da Sashen Koyon Zanen Gini na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa kai da Masarautar Birnin Gwari, a auna duk abin da ya saura na tsofaffin gine-gine a tsohon garin, a rubuta abin da dattawa suka riƙe game da Babban Gwani tun suna raye. Haka kuma a riƙa sa magina na gargajiya cikin kowane aikin gyara, a ware kuɗin yaɓe cikin kasafin kowace shekara. Allah ya jiƙan Muhammadu Durugu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.